Zaren Awon Hula

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina ja da baya kafin in rubuta. Ku 'ya'yana, na san kun tashi kuna jin maganganu biyu a bakin dangi. Ta farko, wai babanku ya taɓa shaye-shaye. Ta biyu, wai ni na taɓa yin yaji na wata uku a Sandamu ina neman ya sake ni. Ta biyun gaskiya ce. Ta farkon ƙarya ce, kuma abin da ya fi ci mini rai, da bakina aka ƙarasa ƙulla ta. Don haka ni ya kamata in warware ta tun ina da sauran numfashi.

Kun san ni da littattafai. Tun ina budurwa nake karɓar hayarsu a wata rumfa kusa da tashar Daura, in ɓoye a ƙarƙashin katifa. A cikinsu na koyi yadda miji yake: mai turare, mai rubuta wasiƙa, mai kallon matarsa har ta sunkuyar da kai. Sai Allah ya ba ni dillalin dabbobi, mutumin da zai wuni a kara yana surutu da Fulani, ya dawo gida kalmarsa ba ta wuce goma ba. Amma yana da tasa hanyar. Bai taɓa dawowa daga kasuwar garin Babban Mutum hannu sake ba, ko dabino ne ko ƙullin kilishi. Ranar Juma'a kuma bayan la'asar zai kishingiɗa a tsakar gida in riƙa karanta masa. In saurayin labarin ya cika kuka a ƙofar gidan su budurwa, sai ya ɗago kai.

"Shi wannan ba shi da sana'a ne?"

In yi fushi in rufe littafin, ya yi ta dariya har sai na buɗe. Wannan ita ce soyayyarmu, kuma ta ishe ni.

Akwai kuma hula. Gwaggona ce ta koya mini ɗinkin hula, ita kuwa ba ta yarda da tef ɗin tela ba. Zare take zagayawa a kan mutum, ta yanke daidai inda ya haɗu, da shi take yanka farin yadin. Duk shekara in Sha'aban ya raba, nakan ce babanku ya zauna a kujerar tsugunno in auna shi, don in gama hular kafin ƙaramar Sallah. Gaskiya ba don kansa na canzawa nake sake awon ba. A gidan da uwar miji take zaune, wannan ne kaɗai lokacin da mace za ta taɓa kan mijinta da rana tsaka ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. In na gama, ba na yar da zaren. Sai in sa shi cikin littafin da nake karantawa a lokacin, kamar yadda 'yan matan labari suke adana fure. Kowane zare na san shekararsa, don na san littafin da na karanta da cikin wane, da wanda na karanta ina goyon wance.

Wajen shekara ta takwas da aurenmu ya fara canzawa, amma a hankali, yadda mai ganinsa kullum ba zai lura ba. Muryarsa ta yi kauri. Hannuwansa suka faɗaɗa, har sai da maƙeri ya yanke masa zoben azurfarsa. Takalmansa na fata ya riƙa take bayansu, daga baya ya koma silifa. Haɓarsa ta turo gaba, goshinsa ya yi tudu. Ba wanda ya ga ciwo a nan. Abokan cinikinsa suka ce ya yi kwarjini. Inna, kakarku ta wajen uba, ta ce jikin arziki ne, haka kakansa yake. Ni kuwa da na ga wushirya ta ɓullo masa yana da shekara arba'in, har murna na yi, don duk jaruman littattafaina wushirya gare su.

Sai minshari. Da can yana yi kaɗan kamar kowa, amma ya zo ya zama abin da ake ji ta bayan katanga. Matar maƙwabcinmu ta taɓa tambayata ko injin niƙa muka saya ba mu gaya wa unguwa ba. Na yi dariya, na kawo masa labarin, ashe na soke shi. A makon ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin da ke jikin zaure. Kun san tsarin gidajenmu, mace da ɗakinta, miji da turakarsa, sai ya nema ake zuwa. To, ya daina nema. Wata ya wuce, shekara ta wuce, ta biyu ta kama. Ba zan faɗa muku fiye da haka ba, ku ma yanzu masu iyali ne. Da rana kuma barci ya zame masa kamar wanda aka yi wa asiri. Ya yi barci da loma a hannu. Ya yi barci ana huɗuba har na kusa da shi ya zungure shi. Ya yi barci ana tsakiyar cinikin sa, mai saye ya tafi wajen wani. Ranar Juma'a ina buɗe littafi, kafin in gama shafi ɗaya ya yi nisa. Ni kuwa da kaina yake cike da labarai, fassara ɗaya na sani ga namijin da ya ƙaurace wa matarsa yana barci in tana magana: ta fita daga ransa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kowa idonsa a buɗe yake a kan kowa. An rufe wuraren da aka sani, sai mutane suka koma zargin abin da ba a gani, ƙwaya da maganin tari. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Babban Mutum barci ya danne shi a kan babur. Allah ya taimake shi ya gangara gefen hanya, ya jingina da wata bishiya. A nan wasu samari masu aikin sa-kai suka same shi, ya jiƙe da gumi, baki a buɗe. Da suka tashe shi maganarsa ba ta fita sosai, don harshensa ya yi nauyi. Suka kai shi gaban mai unguwa, aka sansana bakinsa, aka laluba aljihunsa, ba a sami komai ba sai goro da dabinon da ya sayo mini. Aka ba shi haƙuri aka sallame shi. Amma kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Washegari mata suka cika tsakar gida da sunan jaje. Ina zaune zuciyata a cushe, da haushin shekara biyu da kunyar yau. Wata daga cikinsu ta matso ta ce ai ni ce matarsa, ni zan fi kowa sani. Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce:

"Ni ma ban san abin da yake sha ba."

Abin da nake nufi daban, abin da suka ɗauka suka fita da shi daban. Kafin magariba an ce matarsa ma ta tabbatar. Mutanen da suke ba shi amanar shanunsu suka fara janyewa. Bayan kwana uku na same shi a zaure na durƙusa, na zazzage masa duk abin da ke cikina, da kalmomin da na ɗebo daga littattafai, har da cewa in ya gaji da ni ya sallame ni da mutunci. Da na ɗago in ji amsa, kansa ya faɗa ƙirji, barci ya ɗauke shi. Da safe na ɗaure kayana da buhun littattafaina, na riƙe hannun ku biyun da kuke ƙanana, na hau motar Sandamu.

Babana, Allah ya ji ƙansa, manomi ne mai karatu, kuma ba ya magana biyu. Da ya ji labari ya ce 'yarsa ba za ta zauna da mashayi ba, in babanku ya zo biko takardar saki zai rubuta a gabansa. Sau biyu babanku yana turo manya, Baba yana mayar da su. A wata na uku aka aiko cewa ranar Lahadi zai zo da kansa.

Da hantsin ranar na yanke shawarar in ƙone zarurrukan nan, kamar yadda jarumar wani labari ta yi da wasiƙun masoyinta. Na zazzage buhu, na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, na fito da zare goma sha biyu. Kafin in kai su murhu sai na ce bari in yi musu kallon ƙarshe. Na jera su a tabarma bi da bi, daga na amarci zuwa na bara, na daidaita bakinsu. Bakwai na farko kansu ɗaya, kamar da almakashi ɗaya aka yanke su. Na takwas ya ɗan leƙo. Na tara ya wuce shi. Haka suka tafi kamar matakala, har na ƙarshe ya ɗara na farko da faɗin yatsu biyu. Na ce ko hannuna ne ya saki. Amma ai kowace hula ta zauna masa daidai a shekararta. Sai na tuna tsofaffin hulunan da ya rabar wa ƙannensa, waɗanda na yi kuka a ɓoye ina cewa ya raina aikina. Ashe ba sa shiga ne. Na tuna zobe, na tuna takalmi, na tuna wushirya. Ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na san kan babba ba ya girma.

Bayan azahar babanku ya iso. Aka shimfiɗa musu tabarma, shi da Baba da ƙanen Baba, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ni kuma na laɓe a bayan zana inda nake ganinsu. Ya rame a wuya amma fuskar ta ƙara faɗi. Baba ya fara nasiha, ya jawo aya ya jawo hadisi. Babanku yana durƙushe yana cewa na'am, yana mintsinin cinyarsa, ina ganin yatsunsa. Bai kai ƙarshen nasihar ba. Ya jingina da bishiyar, minshari ya tashi. Baba ya tsaya da magana, ya kira sunansa sau biyu, sannan ya juya ga ƙanensa da ke zaune.

"Ka gani ko? A gabana ma. Kawo takarda da biro, in ya farfaɗo ya rubuta."

Ni kuwa ba Baba nake kallo ba. Shekara biyu rabona da in ga mutumin nan yana barci a kusa, ina kallonsa ba ina fushi ba. Minsharin ya yi ƙarfi, ya yi ƙarfi, sai ya yanke ɗif. Ƙirjinsa yana ja, cikinsa yana motsi kamar mai kokawa, amma iska ba ta shiga. Carbi na hannuna, na fara ja. Na ja talatin da uku, na shiga na gaba, leɓensa ya fara duhu, sannan ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Bai farka ba. Minshari ya dawo, can ya sake yankewa. Sau huɗu ina ƙirgawa. Mutumin da nake cewa yana barci don ya raina ni, ashe shekaru ya yi bai sami barci ba.

Ban san lokacin da na fito ba. A gidanmu 'ya ba ta tsayawa a gaban ubanta da mijinta a zama ɗaya, amma na fito da mayafi a karkace da zare a hannu. Na durƙusa na jera su a tabarmar Baba, na ɗauki na amarcin na zagaya kan babanku. Bai haɗu ba. Taɓawar ta tashe shi, ya buɗe jajayen idanu yana kallona.

"Baba, ba sha yake ba. Ciwo ne. Dubi, kansa girma yake."

Baba ya ce in tashi in ba mutane wuri, littattafan banza sun gama da hankalina. Na ce ya gafarce ni, amma zan bi mijina gida. Ya ce in na taka ƙofar nan da ƙafata, kada in sake kawo masa ƙara. Na ce na ji. A bayan babur ɗinsa muka koma Daura, ku biyu a tsakiya, ni ina ta jansa da surutu har gida don kada ya rufe ido. Fiye da shekara biyu Baba bai amsa gaisuwata ba, kuma a cikinsu uwata ta yi jinyar da ban samu na zauna a kanta yadda ya kamata ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma har yau ina jinsa.

A layinmu akwai Maman Ifeoma, matar mai sayar da kayan gyaran babur, wadda ta yi aikin jinya a garinsu kafin su zo Daura. Ita na fara kai wa zaren. Ta jera su, ta sa na ɗauko hoton aurenmu, ta dubi hoton ta dubi babanku, ta kama hannunsa ta juya. Da Hausarta mai daɗi ta ce wannan ya wuce kemis, ya wuce rubutu, mu tafi babban asibiti, kuma kada in bar zaren da hoton a gida. Muka je Katsina, aka tura mu Kano, daga can aka ƙara tura mu gaba. An ɗebi jini, an ɗauki hoton kai, an kwantar da shi ana kallon barcinsa. Likitan da ya yi mana bayani dattijo ne mai haƙuri. Da na ciro zaren daga cikin littafi ina jin kunya, sai ya kira ɗalibansa su zo su gani.

Ga abin da ya gaya mana, yadda na fahimta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, shi ke zuba sinadarai a cikin jini waɗanda suke ba sassan jiki umarni. Ɗaya daga cikinsu shi ke sa yaro ya girma. A wajen babanku wani ƙari ya tsiro a wurin, ba mai yaɗuwa ba, yana ta zuba sinadarin girma bayan lokacinsa ya wuce. Tun da ƙashin babba ba ya ƙara tsawo, sai ya yi kauri, hannu da ƙafa da haɓa. Harshe da naman maƙogwaro su ma suka yi kauri, in ya kwanta jiki ya saki sai su toshe hanyar iska. Duk toshewa sai jiki ya firgita ya farka kaɗan don ya ceci kansa, ba tare da mai barcin ya sani ba, haka har gari ya waye. Ya ce abin kuma zagaye yake: ciwon sinadari yana kawo ɗaukewar numfashi, ɗaukewar numfashin kuma tana ƙara dagula sinadarai, sukari ya hau, jini ya hau, sinadarin mazantaka ya yi ƙasa. Ya ce ba duk mai minshari ke da irin wannan ƙari ba, wani ƙiba ce, wani sinadarin wuya ne, mai alaƙa da ciwon maƙoƙo, ya yi ƙasa, mata ma yana samunsu in al'ada ta ɗauke. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, ba ƙin ki ya yi ba. Jikinsa ne ya ƙi shi."

Babanku ya sunkuyar da kai. A motar dawowa ya ce mini, a hankali don kada na kusa su ji, ya koma ɗakin zaure ne don ya ga minsharinsa ya zame mini abin kunya a unguwa, sauran kuma bai san da wane baki zai faɗa mini ba. Na ce ya yafe mini maganar da na yi a gaban mata. Ya ce ai gaskiya na faɗa, ban san abin da yake sha ba, don shi ma bai san wahalar da yake sha ba sai yau.

Ta hanci aka yi masa aikin cire ƙarin. Shanunsa suka tafi, babur ya tafi, kwallayen jerena ma suka bi su, ban yi kukan ko ɗaya ba. Cikin 'yan watanni kumburin hannunsa ya sauka, gumin ya ragu, harshe ya saki. Ƙashi dai bai koma ba, fuskar da kuka san shi da ita ita ce ciwon ya bar masa, ku dubi hoton aurenmu ku ga asalinta. Sukari ma ya zauna, yana shan magani har yau. Numfashin bai gyaru duka ba, shekaru muka yi yana kwana a gefe da matashi uku, ni ina juya shi in ya mirgina, kafin ɗanmu Sadiku ya kama aiki ya sayo masa na'urar nan mai hura iska da batirinta mai cajin rana. Amma ya dawo ɗaki, ya dawo kara, masu shanu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara biyu aka haifi Auta. Ranar suna sai ga Baba da sandarsa daga Sandamu, ba wanda ya aika masa mota. Ya zauna a zaure har aka watse, sannan ya sa aka kira ni. Bai ce ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Wannan ta tsufa. In kina da zare, zo ki auna."

Na auna shi na ɗinka masa sabuwa, kuma da ita ya yi Sallarsa ta ƙarshe.

Mutanen da suka yaɗa maganar shaye-shaye yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya yafe mana da su. Amma magana ta fi mai ita daɗewa, na ji ta a bakin wata jikar maƙwabta bara, shi ya sa na zauna na rubuta. Zarurrukan suna cikin akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gadona, a littattafansu. Duk wanda ya sake ce muku babanku mashayi ne, ku jera masa su. Kuma ke matar Sadiku, na ji minsharin mijinki da kuka zo hutu. Kada ki yi dariya, kada ki kai wa maƙwabta labari, kada ki bar shi ya koma wani ɗaki. Ki zauna ki saurara ko yana yankewa, in yana yi ku tafi asibiti.

Idona ya yi rauni, yanzu wata biyu nake yi a kan hula ɗaya, don haka tun Rajab nake awo. Makon jiya na sa babanku ya zauna a kujerar tsugunno, gwiwoyinsa suna ƙara. Na zagaya zaren, na yanke, na ɗauko na bara na haɗa su. Yana kallona ta gefen ido.

"To, malamar asibiti, yaya?"

Na ce kansu ɗaya, kamar na bara da na bara waccan. Ya ce in haka ne me ya sa nake wahalar da shi duk shekara, ba sai in yi aiki da tsohon ba. Amma bai tashi daga kujerar ba. Na buɗe littafin da zan sa zaren, ya ce tun da na buɗe in karanta. Na karanta masa babi biyu cur, idonsa biyu, har ya tambaye ni ko shi ma wannan saurayin ba shi da sana'a.